Zuma a kan ƙuna: abin da ke tsakanin amyar Kachia da gadon asibitin Kafanchan

Idan hunturu ya kankama a Kudancin Kaduna, sanyin da ke gangarowa daga duwatsun Kagoro kan tilasta wa kowane gida kusantar wuta. Tun da asuba ake hura murhu a tsakar gida, a ɗora ruwan wanka, yara su kewaye garwashi suna jin ɗumi, uwa kuma tana kai da kawo tsakanin tukunyar koko da kaskon suya. A irin wannan lokaci ne tukunya kan kife. Kafin a ankara, tafasasshen ruwa ya wanke ƙirjin yaro ɗan shekara uku, gida ya kaure da kuka, maƙwabta su shigo kowa da nasa maganin. Wannan ya ce a shafa manja, wancan ya ce a fasa ɗanyen ƙwai, wata ta miƙo man goge baki, wani dattijo kuma ya ce a nemo gashin zomo. Da wuya a rasa wanda zai ce a kawo zuma.

A cikin duk waɗannan magunguna na gida, zuma ce kaɗai ta samu shiga ɗakunan binciken likitoci ta fito da shaida a hannunta. A yau akwai asibitoci a Turai da Amurka da ke ɗaure ƙuna da ita, kuma ɗaya daga cikin binciken farko da suka buɗe mata wannan ƙofa a Najeriya aka yi shi. Sai dai zumar da likita ke sa wa a kan ƙuna ta bi ta hanyoyin gwaji da tsarkakewa waɗanda zumar kwalba ta bakin titi ba ta bi ba. Tazarar da ke tsakanin su biyun ita ce kan bambanta ciwon da ya warke lafiya da wanda ya ruɓe, kuma mafi yawan aikin cike wannan tazara a teburan hukumomin tarayya yake.

Yadda wuta ke cin mutane

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe kimanin mutum 180,000 a kowace shekara, kuma mafi rinjayensu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki suke. Waɗanda suka tsira da rai amma suka rayu da tabo, ko da hannun da ya ƙanƙance, ko da fuskar da ta sauya, sun ninka wannan adadi sau da yawa. Mata da ƙananan yara ne suka fi shiga haɗari, domin su ne ke kwana su tashi kusa da murhu.

A ƙauyukan Jama'a da Kaura da Zangon Kataf da Jaba, hanyoyin ƙonewa sanannu ne. Akwai ruwan zafi da mai mai tafasa, akwai fitilar kananzir da tukunyar gas, akwai wutar daji lokacin farauta da sharar gona, akwai kuma mai farfaɗiya da ciwonsa kan tashi yana zaune a gaban wuta. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ajiye jarkar mai a cikin ɗaki ko a shagon bakin titi ya ƙara zama abin tsoro. Mazauna Abuja ba za su manta da tankar mai da ta kama da wuta a mahaɗar Dikko da ke Jihar Neja ba, a watan Janairun 2025, inda fiye da mutum 80 suka rasu, watanni uku kacal bayan irin wannan musiba ta Majiya a Jihar Jigawa da ta ci fiye da rai 150. Bayan an binne mamata, waɗanda suka tsira da ƙuna kan shafe makonni ko watanni a gadon asibiti, ana wanke ciwo ana sauya bandeji kullum, iyali kuma na sayar da abin da suka mallaka.

Ga mutumin Kafanchan, ƙwararrun likitocin ƙuna da dashen fata suna nesa. Sai an nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Kowace daga cikin waɗannan tafiye-tafiye ta sa'o'i ce, da kuɗin mota da na masauki da na mai jinya. Shi ya sa matakin da aka ɗauka a shekarar 2025, na mayar da Babban Asibitin Sir Patrick Ibrahim Yakowa da ke Kafanchan Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ya zo da fata mai yawa. Asibitin da ya koma hannun tarayya zai sayi magunguna da kayan ɗaure ciwo bisa ƙa'idojin da ake tsarawa a Abuja. Tambayar ko zuma na da gurbi a cikin wannan jeri ta zama tambaya ta aiki, ta bar kasancewa hirar zaure.

Daga Masar zuwa Kalaba

Sa zuma a kan ciwo tsohuwar al'ada ce. Takardun likitancin tsohuwar Masar, waɗanda aka rubuta fiye da shekara 3,500 da suka wuce, sun ambaci haɗa ta da kitse a ɗaure rauni. Musulmi sun san matsayin da Suratun Nahli ta ba ta, Kirista ma sun san yawan ambatonta a Littafi Mai Tsarki, don haka a gari irin Kafanchan, inda masallaci da coci ke kallon juna, babu wanda za a tsaya ana lallashi kan cewa zuma magani ce. Likitancin zamani ne ya ajiye ta gefe bayan samuwar magungunan kashe ƙwayoyin cuta a shekarun 1940. A fannin ƙuna kuwa, wani farin man shafawa mai sinadarin azurfa da ya fito a ƙarshen shekarun 1960, wanda 'yan Najeriya suka fi sani da sunan Dermazin, shi ya mamaye asibitoci.

A shekarar 1988 wani likitan tiyata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Kalaba, Spencer Efem, ya wallafa sakamakon aikinsa a mujallar British Journal of Surgery. Ya sa zuma a kan raunuka da gyambunan majinyata 59, waɗanda kusan kashi 80 cikin 100 daga cikinsu maganin asibiti ya gaza warkar da su. Majinyata 58 suka samu sauƙi a fili. Ɗayan da bai samu ba, daga baya aka gano gyambon Buruli ne ke damunsa. Efem ya lura cewa raunukan da suka harbu da ƙwayoyin cuta sun tsarkaka cikin mako guda, mataccen nama ya saki, kumburi ya sauka, sabon nama ya taso. Har yau masu rubutu kan zuma da rauni a duniya na komawa ga wannan aiki na Kalaba.

Shekara uku bayan haka, a 1991, wani likita a garin Solapur na Indiya mai suna Subrahmanyam ya gwada zuma a kan ƙuna kai tsaye. Ya raba majinyata 104 masu ƙunar da ba ta yi zurfi ba gida biyu, rabi aka sa musu zuma, rabi aka sa musu man azurfa. Cikin kwana 15, kashi 87 cikin 100 na waɗanda aka sa wa zuma sun warke, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 10 ne kawai. A can ƙasar Niyu Zilan, Farfesa Peter Molan na Jami'ar Waikato ya shafe shekaru tun farkon 1980 yana nazarin zumar da ƙudan zuma ke yi daga furen wani itace mai suna manuka. A 2007 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da kayan ɗaure ciwo na Medihoney, wanda aka yi da irin wannan zuma. Daga nan zuma ta shiga kantin maganin asibiti da lambar rajista da ranar ƙarewar aiki, kamar kowane magani.

Abin da take yi a cikin ciwo

Ƙarfin zuma ya taru ne daga abubuwa da dama. Kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, ruwan da ke cikinta kuwa bai cika kashi ɗaya cikin biyar ba. Ƙwayar cuta da ta faɗa cikin irin wannan kauri sai ta bushe, domin sukarin na zuƙe mata ruwan jiki. Wannan jan ruwa ne kuma ke fito da ruwan ciwo zuwa sama, ya wanke datti da mataccen nama, ya kuma hana bandeji manne wa sabuwar fata. Duk wanda ya taɓa ganin yadda yaro ke ihu idan ana ɓantare bandejin da ya bushe a kan ƙuna ya san darajar wannan.

Na biyu, zuma na da ɗan tsami da harshe ba ya ji sosai saboda zaƙi, amma yawancin ƙwayoyin cutar rauni ba sa jure masa. Na uku, ƙudan zuma na zuba wani sinadari daga jikinsa a cikinta, wanda idan ruwan ciwo ya tsarma zumar sai ya riƙa sakin irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi a asibiti, a hankali kuma kaɗan-kaɗan, daidai yadda zai kashe cuta ba tare da ya ƙone sabon nama ba. Zumar manuka tana da wani ƙarin sinadari da ake kira MGO, wanda masana a Jami'ar Dresden ta Jamus suka bayyana a 2008.

Haɗuwar waɗannan hanyoyi ce ta sa zuma ke iya kashe wasu ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji ko da sun riga sun bijire wa magungunan asibiti. A ƙasar da ake sayen ƙwayar kashe cuta a kowane shago ba tare da takardar likita ba, kuma Hukumar NCDC ke jagorantar wani shiri na ƙasa kan bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Ɗakin masu ƙuna na cikin wuraren da irin waɗannan ƙwayoyi masu taurin kai suka fi yaɗuwa.

Inda ƙarfinta ya tsaya

Ƙuna hawa-hawa ce. Akwai wadda ta taɓa saman fata kawai, ta yi ja ta yi zafi. Akwai wadda ta shiga tsakiyar fata, ta yi bororo, ƙasanta jajir kuma mai tsananin raɗaɗi. Akwai kuma wadda ta cinye fatar gaba ɗaya, ta yi fari fat ko baƙi, ta yi tauri kamar ƙirgi, sau da yawa ma ba ta zafi domin jijiyoyin ji sun ƙone. Irin ta biyun ce fagen zuma, saboda a nan akwai sauran tushen fata da zai iya tsirowa idan an kare shi daga cuta da bushewa.

A shekarar 2015 cibiyar Cochrane, wadda ke tace binciken likitanci na duniya, ta tattara gwaje-gwaje 26 da suka ƙunshi majinyata 3,011. Ta samu ƙwaƙƙwarar shaida cewa ƙunar da ta tsaya a tsakiyar fata na warkewa da zuma kwana huɗu zuwa biyar kafin ta warke da bandejin da aka saba. Game da fifikonta a kan man azurfa, cibiyar ta ce shaidar da ake da ita mai rauni ce ƙwarai. Da aka zo kan ƙuna mai zurfi kuwa, sakamakon ya juya. Shi kansa Subrahmanyam ya nuna a 1999 cewa yanke mataccen nama da wuri tare da dashen fata ya fi jiran zuma, kuma bambancin ya kai kusan mako biyu.

Wannan iyaka ita ce mafi muhimmanci ga iyalin da ke ƙauye. Fatar da ta ƙone gaba ɗaya ba ta tsirowa, komai kyan zumar da aka sa. Idan aka zauna ana shafa mata magani a gida, ciwon zai rufe ne ta hanyar jan fatar gefe, sai a wayi gari yatsu sun manne, gwiwar hannu ta ƙi miƙewa, haɓa ta ɗaure da ƙirji. Gyaran irin wannan nakasa ya fi dashen fatar farko tsada da wahala.

Haka kuma abin da ke kashe mai babbar ƙuna a kwana biyun farko shi ne zubewar ruwan jiki. Likitoci kan auna faɗin ƙuna da tafin hannun majinyacin kansa, wanda tare da yatsu ke daidai da kashi ɗaya cikin 100 na fatar jikinsa. Idan ƙuna ta kai tafi goma a jikin yaro, ko goma sha biyar a jikin babba, ƙarin ruwa ta jijiya ya zama wajibi cikin sa'o'in farko, in ba haka ba ƙoda na iya tsayawa. Babu abin shafawa da zai maye gurbin wannan. Ƙunar fuska da hannu da ƙafa da al'aura da gaɓoɓi, da ta lantarki da ta sinadari, da ta wanda ya shaƙi hayaƙi a rufaffen ɗaki, duk na asibiti ne tun daga farko, tare da allurar tetanus.

Kwalbar bakin titi

Matafiyin da ya bi hanyar Kaduna zuwa Kafanchan ta Kachia da Zonkwa ya san kwalaben zuma da ake jerawa a bakin titi. Yankin ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, yana da sauran dazuzzuka, kuma ɗorawa da kaɗanya da mangwaro na ba ƙudan zuma furanni. Ma'aikacin tarayya da ya je gida hutun Kirsimeti ko bikin Afan na Kagoro da ake yi ranar 1 ga Janairu kan dawo Abuja da kwalba ɗaya ko biyu a bayan mota, tsarabar abokan ofis. A matsayin abinci, zumar Kudancin Kaduna ta yi suna. A matsayin abin ɗaure buɗaɗɗen ciwo kuwa, akwai abubuwa huɗu da ke tsaye a gabanta.

Na farko shi ne yadda ake cire ta. Bahaushe ya ce zuma sai da wuta, kuma haka ake yi wa amya ta gargajiya: da dare ake hawa itace da damin ciyawa mai ci, a kore ƙudan da hayaƙi da harshen wuta. Saƙar da aka sauko da ita kan zo da toka da matattun ƙuda da 'ya'yan da ba su ƙyanƙyashe ba, sannan a matse ta da hannu cikin bokiti. Wasu kan ɗora ta a wuta domin ta narke ta rabu da kaki. Zafin nan yana kashe sinadarin da ke sakin ruwa mai kumfa, don haka zumar da aka dafa ta rasa ɗaya daga cikin manyan makamanta, ko da zaƙinta yana nan.

Na biyu shi ne ruwa. Ƙa'idar abinci ta duniya ta ce ruwan da ke cikin zuma kada ya wuce kashi 20 cikin 100. Zumar da aka cire kafin ƙudan ya rufe saƙarta da kaki ba ta nuna ba, ruwanta na da yawa, kuma takan yi tsami ta yi kumfa a kwalba. Na uku shi ne algus. Narkakken sukari da maɗi na shiga kwalba da sunan zuma a kasuwannin ƙasar nan, kuma gwaje-gwajen da ake yi a gida, irin su ɗiga ta a ruwa ko tsoma ashana a kyasta, ba sa iya tantance gaskiya da ƙarya yadda ɗakin gwaji zai yi.

Na huɗu shi ne wanda ido ba ya gani ko da zumar ta gaskiya ce tsantsa. Wasu ƙwayoyin cuta na iya kwantawa cikin wani ɓawo mai tauri su rayu a cikin zuma, har da dangin da ke haddasa shanyewar jiki. Wannan ne dalilin da ya sa likitocin yara suka hana ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, gargaɗin da ya ci karo da al'adar lasa wa jariri ita a gidaje da yawa. Tafasa zuma ba ya kashe waɗannan ƙwayoyi, sai dai ya lalata zumar. Hanyar da masana suka samu ita ce haska ta da hasken gama, wanda ke ratsa kwalba a rufe ya kashe abin da ke ciki ba tare da ɗumama ta ba. Molan da abokin aikinsa sun nuna a 1996 cewa zumar da aka haska haka ba ta rasa ƙarfinta na kashe cuta.

Zumar asibiti, ke nan, ita ce wadda aka san dajin da ta fito, aka tace ta ba tare da wuta ba, aka auna ruwanta da ƙarfinta, aka tabbatar babu ragowar maganin ƙwari a cikinta, aka haska ta, aka rufe ta cikin bututu ko a jikin bandeji. Ma'aikatan jinya kan shimfiɗa ta a kan bandejin maimakon zuba ta kai tsaye a ciwo, kimanin giram 30 ga bandeji mai faɗin santimita 10 ta kowane gefe, sannan a rufe da wani a kai. Ana sauyawa kullum, ko fiye da haka idan ciwon na zubar da ruwa sosai. Wasu majinyata kan ji zogi na ɗan lokaci bayan an sa, wanda kuma jikinsa ba ya jituwa da kayan ƙudan zuma ba a sa masa.

Aikin da ke jiran Abuja

Zumar asibiti da ake shigowa da ita daga waje da dala ake sayenta, kuma ƙuna mai faɗi na cinye bututu da dama a mako. Iyalin manomin citta, wanda annobar da ta afka wa gonakin Kachia da Jaba da Kagarko a 2023 ta riga ta karya masa jari, ba zai iya ɗaukar wannan ba. Abin mamaki shi ne kusan duk kayan aikin da ake bukata domin samar da irinta a gida suna nan, a warwatse cikin hukumomi.

A Idu da ke Abuja akwai Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa, NIPRD, wadda aikinta ya haɗa da gwada albarkatun gida a mayar da su magani. A Legas akwai hukumar bunƙasa magungunan gargajiya ta tarayya. A Sheda, kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, akwai na'urar hasken gama ƙarƙashin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ƙasa, wadda aka gina domin tsarkake kayan abinci da na asibiti. NAFDAC ce ke da ikon rajista, SON ke da ikon kafa ma'auni, Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa kuma, wadda dokar 2022 ta faɗaɗa ikonta, ita ke da ta cewa kan abin da inshora zai biya. A 2018 ma Abuja ta karɓi baƙuncin baje kolin kiwon zuma na nahiyar Afirka.

Matakin farko shi ne sanin ƙarfin zumar kanta. Ƙarfin zuma na bin furen da ƙudan ya sha, don haka ta Kachia za ta iya bambanta da ta Kagoro, ta farkon rani ta bambanta da ta ƙarshensa. Sai an ɗebi samfuri daga wurare da lokuta daban-daban an gwada a kan ƙwayoyin cutar da ake samu a ɗakunan masu ƙuna na ƙasar nan. Bayan haka sai a koya wa masu amya aiki da akwatin zamani, wanda ake buɗewa da hayaƙi mai sanyi a zaɓi saƙar da ta nuna kawai. Sannan a zo ga gwaji na asibiti bisa ƙa'ida, da amincewar kwamitin ɗa'a da ta majinyata. Kafanchan na da abin da irin wannan aiki ke bukata a wuri ɗaya: asibitin tarayya, kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta jiha, reshen Jami'ar Jihar Kaduna, ga kuma masu kiwon zuma a ƙauyukan da ke kewaye.

Ribar ba ta majinyaci kaɗai ba ce. Kwana huɗu ko biyar da aka rage a zaman asibiti na nufin gado ya samu ga wani, uwa ta koma gona ko kasuwa, kuɗin bandeji ya ragu. Mai amya da ya san asibiti ne zai sayi zumarsa bisa ma'auni yana da dalilin daina ƙona ta da kuma dalilin hana sare itatuwan da ƙudansa ke sha. Irin wannan shiri ba ya bukatar sabuwar hukuma. Yana bukatar jami'an da za su sa hukumomi biyar ko shida su zauna a teburi ɗaya, da kuma ɗan gurbi a kasafin kuɗi.

Minti ashirin na farko

Kafin duk wannan ya tabbata, tukunya za ta ci gaba da kifewa, kuma abin da aka yi a mintunan farko ya fi kowane magani tasiri. A raba mutum da wutar. Idan tufafinsa ne suka kama, a kwantar da shi a mirgina shi ko a lulluɓe shi da bargo. A cire zobe da awarwaro da agogo kafin kumburi ya taso, amma tufar da ta manne a fata a bar ta. Sai a riƙa kwarara ruwa mai sanyi, mai tsabta, a kan ƙunar har tsawon minti 20. Inda babu famfo, buta da bokiti sun isa. Wannan na da amfani ko da an kai sa'a uku da ƙonewa, domin zafi na ci gaba da cin nama a ƙarƙashin fata bayan wutar ta mutu. Kada a sa ƙanƙara, kuma a lulluɓe sauran jikin yaro kada sanyi ya kama shi, musamman a hunturu.

Bayan ruwa, a rufe wurin da ƙyalle mai tsabta wanda ba ya barin zare, kada a fasa bororo, a kama hanyar asibiti. Manja da ƙwai da man goge baki da baƙin mai da gashin zomo duk suna riƙe zafi ko su shigar da cuta, kuma sai ma'aikacin jinya ya kankare su kafin likita ya iya ganin zurfin ƙunar, wanda azaba ce ta biyu ga majinyaci. Zumar kwalba ma, duk da darajarta, ta jira. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, don haka rashin kuɗi a aljihu a wannan sa'a bai kamata ya tsayar da iyali a gida ba.

Likita ne zai duba ya ce wannan ƙuna ta tsaya a tsakiyar fata, ko kuwa ta wuce. Idan ta tsaya, zuma na cikin abubuwan da binciken Kalaba da Solapur da Waikato ya nuna za su iya taimaka mata. Ko zumar da za a sa wa yaron Kafanchan nan gaba daga Niyu Zilan za ta zo, ko daga amyar da ke rataye a kan ɗorawar bayan garinsu, hakan ya dogara ga abin da hukumomin Idu da Sheda da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya suka yi da damar da sabon asibitin ya buɗe.